Turken akwatin wasiƙu ba tare da haƙa ko kankare ba: yana daɗewa?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka tare a sabon gida a nan Amurka, turken akwatin wasiƙun da ka tarar a bakin titi ya ruɓe, kana so ka kafa sabo ba tare da ka haƙa rami ko ka kwaɓa siminti ba, amma kana tsoron kada ya faɗi tun kafin shekara ta zagayo. Na kafa irinsa sau biyu a ƙofar gidana, na kuma taya wani maƙwabcina kafa nasa. Yana daɗewa ƙwarai, amma ƙasar wurin ce ke yanke hukunci, ba tsadar ƙarfen da ka sayo ba.

Abin da ake amfani da shi iri biyu ne. Akwai ƙarfe mai tsini da ake bugawa da guduma, samansa da gurbi mai kusurwa huɗu inda katakon ke zama. Akwai kuma mai murɗi, wanda ake zura sanda ta ƙarfe a kansa ana juyawa yana nutsewa cikin ƙasa. Na farkon ya fi sauri, na biyun ya fi riƙo, musamman inda ƙasa ke da laushi.

Kafin ka taɓa guduma, ka kira lamba 811, wadda ake kira don a nuna maka inda bututu da wayoyi suke binne a cikin ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka sai mai haƙa rami ne ke buƙatar wannan, alhali ƙarfe mai tsini da ya shiga ƙasa ƙafa biyu ya fi shebur haɗari, domin ba ka ganin abin da yake hudawa. Kyauta ne, ka dai kira 'yan kwanaki kafin ranar aikin. Masu kula da bututun da wayoyin za su zo su sa fenti ko ƙananan tutoci: rawaya bututun gas ne, ja wutar lantarki, shuɗi ruwan sha, ruwan lemo kuma wayoyin sadarwa. A gidana tutar ruwan lemo ta faɗo daidai inda na yi niyyar bugawa, sai da na matsa gefe.

Sai ƙa'idar hukumar gidan waya. Daga fuskar titi zuwa gindin akwatin ko bakin da ake saka wasiƙa, inci 41 zuwa 45 ake so, sannan a ja shi baya daga gefen titi inci 6 zuwa 8, don mai raba wasiƙu ya miƙa hannu daga cikin motarsa. Ka lura, daga titi ake awo, ba daga ciyawar gidanka ba. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayya kuma tana ba da shawarar katako mai inci 4 a kowane gefe ko bututun ƙarfe mai faɗin inci 2, kuma kada ya wuce inci 24 a cikin ƙasa. Dalilinsu shi ne idan mota ta kauce ta buge shi, ya karye ko ya kwanta, kada ya tsaya ƙyam ya hallaka na cikin motar. Wannan ne ya sa hankalina ya kwanta da barin kankare. Ba a son wannan turken ya yi ƙarfin ginshiƙin gida tun asali.

Yanzu ga inda aikin yake. Karon farko na ɗora ƙarfen na hau bugu da babbar guduma ba tsayawa. Ya shiga kusan rabi sai tsininsa ya ci karo da dutse, ya zame gefe, ban ankara ba. Da na sa katakon sai ga shi a karkace kamar mai leƙen titi. Na yi ta tura shi da kafaɗa don ya miƙe, ya miƙe kuwa, amma turawar ta faɗaɗa ramin, daga ranar bai sake zama daram ba. Duk lokacin da aka buɗe murfin akwatin sai ya yi rawa. Hunturu biyu kawai ya yi.

Karo na biyu na canza hannu. Na jiƙa wurin da ruwa tun da dare, ana gobe aikin. Na fara soka guntun rodi don in ji ko akwai dutse a ƙasa, ya kuma buɗe wa tsinin hanya madaidaiciya. Na yanko guntun katako na sa a cikin gurbin, shi nake buga, ba ƙarfen ba, domin bakin gurbin in ya lanƙwashe katakon ba zai shiga ba. Bugu uku ko huɗu sai in tsaya in ɗora ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa, gefe biyu, na gaba da na dama. Karkata tana gyaruwa ne a inci shida na farko, in ya wuce nan gara ka zare ka matsa taku ɗaya ka sake. Duk aikin bai kai awa guda ba. Wannan turken yau shekararsa shida, ban taɓa cire ƙarfensa ba.

Maganar ƙasa kuwa, mai yumɓu ko mai tauri da ta daɗe ba a tona ta ba, ita ce ke kama ƙarfen gam. Rairayi da ƙasar ciko, irin wadda ake zubawa a sababbin unguwanni, ba sa riƙe mai tsini. Maƙwabcina irin ƙasarsa ke nan, sai mai murɗi ya yi masa. In kuma wurin duk tsakuwa ne da duwatsu, kada ka wahalar da kanka, babu wanda zai shiga daidai a cikinsu. Nan kam haƙa ta kama ka.

Idan kana jihohin da ke da tsananin sanyi, akwai abu biyu. Ruwan da ke cikin ƙasa in ya daskare yana kumbura ya turo duk abin da ke cikinta sama, kuma a arewacin ƙasar daskarewar tana zarce zurfin inci 24. Don haka duk bazara nake ɗora ma'auni, in ya ɗan taso in mayar da shi da bugu biyu, in dandaƙe ƙasar gindinsa da ƙafa. Na biyu shi ne motar share dusar ƙanƙara. Galibi ba ita ke bugun turken ba, nauyin jiƙaƙƙiyar ƙanƙarar da take watsowa ne. Ta taɓa kwantar da nawa. Na sassauta noti, na zare katakon, na daidaita ƙarfen na mayar, kafin mai wasiƙu ya iso. Wani a layinmu da ya yi nasa da kankare, katakon ya karye daidai saman kankaren, sai da ya jira ƙasa ta narke kafin ya tono dunƙulen.

Abin da ke kashe turke a hankali ruɓewa ce da tsatsa. Katako yana ruɓewa ne daidai inda ya haɗu da damshin ƙasa, gurbin ƙarfen kuwa yana ɗaga shi daga nan, wannan babbar riba ce. Amma ka sayi katako mai magani, wanda aka rubuta ya dace da taɓa ƙasa, ka shafe bakin da ka yanke da maganin katako, ka kuma duba ruwa ba ya kwanciya a cikin gurbin. Noti da ƙusoshi su zama masu rufin zinki mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin tagullar da ke cikin maganin katakon tana cin ƙarfe na gama-gari, ga kuma gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu. Wani abu kuma, katakon da ake kira mai inci 4, ainihin faɗinsa inci 3 da rabi ne, in ya bushe ya ƙara motsewa, saboda haka ka sake ɗaure notin bayan wata biyu ko uku.

Ban ba ka shawarar wannan hanyar ba in akwatin da ka saya babba ne mai nauyi, irin na ajiye kunshin kaya, ko mai dogon hannu da ke miƙowa titi, domin nauyin gefe ɗaya zai yi ta janyo shi gaba. In akwati ne na yau da kullum, ka soka rodi a wurin ka faɗa mini yadda ya shiga da irin ƙasar da ya fito da ita, sai in gaya maka wanne za ka saya a cikin biyun. Allah ya sanya albarka a sabon gida.