Daga Paris zuwa Berlin a jirgin ƙasa: me zan tanada a wayata?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ma'aikaci ne a nan Maraɗi, unguwar Zariya. Zan je horo Faransa, daga can kuma in shiga jirgin ƙasa zuwa Berlin. Ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba, kuma an ce tikitin ma a waya yake. Tecno nake riƙe da ita, da layin Airtel. Yaya zan shirya?

Amsa: Allah ya kai ka lafiya, ƙanena. Jirgin ICE, wato jirgin ƙasa mai gudu na Jamus, da ke tafiya kai tsaye tsakanin Paris da Berlin ya fara aiki a Disambar 2024. Yana tashi daga tashar Gare de l'Est, ya bi ta Strasbourg da Karlsruhe da Frankfurt, tafiyar wajen awa 8. Shawarata ta farko: duk abin da za ka buƙata ya zama yana cikin wayar tun kafin ka shiga, kada ka jingina da rezo.

Fara da tikiti. Ko a manhajar DB Navigator ka saya ko a SNCF Connect, sauke shi a matsayin PDF, sannan ka buga shi a takarda ka naɗe cikin fasfo. Mai duba tikiti lambar nan mai ɗigo-ɗigo yake haskawa da na'urarsa, in gilashin wayarka ya tsage ko hasken ya yi ƙasa sai ta ƙi karantawa, kai kuma gumi ya karyo maka. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo. Da katin banki ake biya, Airtel Money ba ya aiki a can. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, sai ka yi lissafinka. Fasfon kuma ya kwana a aljihunka, domin tun Satumbar 2024 Jamus ke binciken takardu a duk iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda kan shiga jirgi su duba.

Sai layi. Kada ka buɗe data da layinka na Nijar a can, zai lashe kuɗinka kafin ka gama gaisuwa. Sayi layin Faransa. Tun 2017 dokar Tarayyar Turai ta ba mai layin wata ƙasa a cikinta damar amfani da shi a sauran ƙasashen ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma wasu layukan masu araha ba su haɗa da wannan ba, don haka ka tambayi mai shagon ko yana aiki a Jamus kafin ka miƙa kuɗi. Layin Airtel ɗin ka bar shi a rami na biyu da data a kashe, saboda lambobin sirri da banki ke turowa. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tsohuwar lambar. In ya tambaye ka ko za ka canja, ka ce a'a. Masu tallar eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da an sa kati ba, za su yi ta binka a intanet. Danna *#06#, in ba ka ga lambar EID ba, wayarka ba ta ɗauka, kuma yawancin Tecno da Itel haka suke.

Akwai Wi-Fi kyauta a jirgin, amma yana yankewa. Tun a masauki ka sauke taswirar Berlin a Google Maps da Jamusanci a Google Translate.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Sabon Gari ta ce ɗanta zai yi irin wannan tafiyar, ta saya masa caja da fawabank a babbar kasuwa, ko sun isa?

Amsa: Hajiya, ki duba kan cajar. Mai ƙafa biyu zagayayyu tana shiga a Faransa da Jamus duka, kuma akwai wurin caji a jikin kujerun ICE. Mai ƙafa uku masu faɗi, irin wadda ke shigo mana ta Jibiya da Kano, ba za ta shiga ba sai da adafta, kuma a nan ya fi araha.

Fawabank ne abin dubawa. Na sha ganin wanda aka rubuta wa 50,000mAh amma a hannu ba nauyi, ya cika waya sau ɗaya ya mutu. Ki sa yaron ya cika shi dam, ya gwada sau nawa zai cika wayarsa kafin ranar tafiya. Na gaske mai 20,000mAh ya ishe shi. A jirgin sama kuma jakar hannu ake sa shi, ba akwati ba, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya wuce 100Wh, wato kamar 27,000mAh. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙwace shi a filin jirgi.

In za ki kira shi, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da su. Sauran watannin sun fi mu da awa guda.