Filin Tambaya da Amsa: Sabuwar Dokar Haraji, Albashi da Asusun Banki

Tun daga ranar 1 ga Janairu 2026, lokacin da dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yuni 2025 suka fara aiki gadan-gadan, wasiƙun masu karatu a kan wannan batu suka rinjayi sauran. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne, albashina naira 150,000 a wata. An yi ta shela cewa an ɗauke wa talaka haraji, amma har yanzu ana cire mini. Shin ni ba talaka ba ne, ko kuwa ofishinmu ne bai bi sabuwar dokar ba? (Daga wani malami a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dokar ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, ta kuma keɓe mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata. Kai kuwa albashinka na shekara ya kai naira miliyan 1.8, saboda haka cirewar da ake yi maka tana bisa ƙa'ida. Abin dubawa shi ne ko adadin da ake cirewa daidai ne.

Bayan 800,000 na farko, ana karɓar kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da ke biye, kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, kashi 21 a kan miliyan 13, kashi 23 a kan miliyan 25, sannan kashi 25 a kan duk abin da ya haura miliyan 50. Mu ɗauka ana cire maka kashi 8 na fansho daga dukkan albashin, wato naira 144,000 a shekara. Saura 1,656,000. Idan aka fitar da 800,000, abin da haraji zai hau kansa shi ne 856,000, kashi 15 ɗinsa kuwa 128,400 ne a shekara, ko 10,700 a wata.

A tsohon tsari haraji yana farawa ne daga kashi 7 a kan 300,000 na farko har ya kai kashi 24, amma kafin a fara lissafi ana ba kowa rangwamen naira 200,000 tare da kashi 20 na abin da yake samu. Da wancan lissafi, harajinka zai kama kimanin naira 133,700 a shekara. Ke nan sauƙin da ka samu bai kai naira 500 a wata ba, domin sabuwar dokar ta soke wancan rangwame na bai ɗaya, ta maye gurbinsa da rangwamen kuɗin haya: kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba. Idan kana biyan hayar 300,000, za a rage 60,000 daga abin da ake lissafa maka haraji a kai, harajin ya sauko zuwa 119,400. Sai dai wannan rangwame ba ya zuwa da kansa, wajibi ne ka kai bayanin hayarka da shaidar biya ga sashen albashi na wurin aikinka ko hukumar tattara kuɗin shiga ta jiharka, wadda a Kaduna ita ce KADIRS.

A nan ne nake ganin dokar ta yi rauni ta fuskar adalci. Kafin mutum ya ci moriyar 500,000 ɗin nan gaba ɗaya, sai ya kasance yana biyan hayar naira miliyan 2.5 a shekara, kuma irin wannan haya an fi saninta a Abuja da Legas. Ma'aikacin da ke zaune a ɗakinsa cikin gidan gado, ko wanda ya shafe shekaru yana tara bulo har ya rufa wa kansa asiri, ba shi da ko sisi a wannan rangwame, alhali a tsohon tsari ba a tambayarsa inda yake kwana kafin a ba shi. Ga kuma masu gidajen haya da yawa da ba su saba rubuta rasit ba, wasu ma za su ƙi da gangan, tun da rasit ɗin shaida ce cewa su ma sun samu kuɗin da haraji zai hau kansa.

Duk da haka, ba za a ce ba a taɓa masu hannu da shuni ba. Tsohon kashi 24 a takarda kawai yake, domin rangwamen kashi 20 yana mayar da shi kimanin kashi 19 a aikace, yanzu kuwa kashi 25 ɗin cikakke ne. Bisa lissafi, wanda samunsa bayan fansho ya haura kimanin naira miliyan ɗaya da rabi a wata, kuma ba shi da rangwamen haya, shi ne ke fara biyan fiye da na da.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi, kuma ni ce uwar adashin matan layinmu, kuɗin duka ta asusuna suke bi. Ɗana da ke aiki a Saudiyya shi ma yakan turo mini kuɗin cefane. An ce mini banki zai riƙa cire haraji daga duk abin da ya shigo. Na rufe asusun ne? (Daga wata Hajiya a Kano)

Amsa: Hajiya, kada ki rufe asusunki. Babu inda dokar ta umarci banki ya yanki harajin kuɗin shiga daga duk kuɗin da ya faɗa asusun mutum. Abin da kike gani ana cirewa, naira 50 a kan turin kuɗi na naira 10,000 zuwa sama, tsohon caji ne da aka sauya wa suna ya zama harajin hatimi, kuma yanzu mai turawa ne ke biyansa.

Haraji yana hawa ne kan riba da abin da mutum ya samu ta hanyar aiki ko sana'a. Idan kika sari atamfa ta naira miliyan 5 kika sayar miliyan 5.6, abin da ake dubawa shi ne 600,000 ɗin da ke tsakani, bayan an fitar da hayar shago, kuɗin dako da ladan yaran shago. Zubin adashi amana ce a hannunki, in ban da ladan da ake ba uwar adashi idan kina karɓa, wanda shi samu ne. Kuɗin da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa kyauta ce, dokar kuwa ba ta ɗora haraji a kan kyauta ta gaskiya ba.

Inda tsoron naki yake da tushe shi ne batun rahoto. Dokar gudanar da haraji ta wajabta wa bankuna su riƙa sanar da hukuma asusun da hada-hadarsa a wata ta kai miliyoyin naira masu yawa, kuma mai sana'ar da haraji ya hau kansa dole ne ya mallaki lambar shaidar haraji, wadda hukuma ta ce lambar NIN ce za ta tsaya a matsayinta ga ɗaiɗaikun mutane. Ma'ana, jami'i zai iya ganin jimillar abin da ya shiga asusun, amma ba zai iya bambance zubin maƙwabciyarki da cinikin shago ba sai kin nuna masa. Idan babu bayani, doka ta ba shi damar ya ƙiyasta da kansa, kuma ƙiyasin jami'in da ke neman cika adadin da aka ɗora masa ba kasafai yake karkata ga mai biya ba. Shawarata ita ce ki ware asusun kasuwanci daban da na adashi da na gida, ki riƙe littafin zubi mai ɗauke da suna da kwanan wata, ki kuma adana rasit ɗin sari na tsawon shekara shida. Bayanin samun shekara ana miƙa shi ga hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kano, wato KIRS, kafin ƙarshen watan Maris, kuma tarar ƙin miƙawa naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, wannan tara tana iya ninka harajin kansa sau da yawa, abin da nake ganin ya kamata hukumomi su sassauta a shekarun farko, har mutane su saba.

Tambaya: Ina fitar da zakkar dukiyata duk shekara, ina biyan kuɗin shago da kuɗin lodi da na shingayen hanya. Yaya za a ce kuma in biya wani haraji? Ba Rimi ya soke haraji ba tun muna samari? (Daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau)

Amsa: Alhaji, abin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke bayan hawansu mulki a 1979 shi ne harajin kai da jangali, waɗanda ake karɓa ta hannun dagatai da masu unguwanni bisa ƙidayar mutane da shanu, ko an yi damina mai albarka ko an yi fari. Harajin kuɗin shiga bai taɓa tsayawa ba, malamin makarantar da ya yi tambaya ta farko ana cire masa tun kafin albashin ya iso hannunsa. Idan ana maganar adalci, dole a saka shi a ma'auni: mai albashin 150,000 ba shi da hanyar kaucewa, alhali wanda ke loda tirela goma a mako yana iya shekara bai miƙa takarda ko ɗaya ba.

Game da zakka, dokar ta lissafa abubuwan da mutum zai cire kafin haraji, wato fansho, asusun gidaje na ƙasa, inshorar lafiya, inshorar rai, ruwan bashin gina gidan da mutum yake zaune a ciki, da rangwamen haya. Zakka ba ta cikinsu. Mai ganin ya dace a saka ta yana da hujjar da za a saurara, wurin kai ta kuwa shi ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa.

Kokenka a kan yawan karɓe-karɓe shi ne mafi ƙarfi. Yawancin kuɗaɗen kasuwa da na hanya na jihohi ne da ƙananan hukumomi, wasu ma ba su da wata doka a bayansu, kuma daidaita su yana cikin aikin da aka ɗora wa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Kuɗin Shiga. Kafin a kai ga haka, duk wanda ka biya bisa doka saboda kasuwancinka ka karɓi rasit, domin yana cikin ɗawainiyar da ake fitarwa kafin a lissafa riba.

Tambaya: Mun ji an ce dokar da aka buga ta saɓa da wadda majalisa ta zartar. Shin ba gara mu dakata da biya ba har a warware? (Daga wani ma'aikacin asibiti a Sakkwato)

Amsa: Malam, gaskiya ne a watan Disamba 2025 ɗan Majalisar Wakilai Abdussamad Dasuki daga jiharku ya tayar da wannan zargi a zauren majalisa, kuma haddin kuɗin da bankuna za su kai rahoto a kansa yana cikin wuraren da aka yi jayayya. Amma zargin bai dakatar da fara aikin dokar ba, kuma tara ba ta jiran a gama muhawara. Idan ka ga an ƙiyasta maka abin da ya wuce ƙima, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa ga hukumar da ta yi ƙiyasin, idan ba ka gamsu ba ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraren ƙararrakin haraji. Akwai kuma sabon ofishin karɓar koke-koken masu biyan haraji da dokar ta kafa domin sauraren ƙorafi a kan yadda jami'ai ke mu'amala da jama'a. Tun da kai ma'aikaci ne, fara da neman takardar albashinka ta wata-wata daga sashen kuɗi, ka gwada abin da aka cire da matakan da muka lissafa a amsa ta farko.