Hukuncin Rina Gemu Da Baƙi Ga Dattijon Da Ke Neman Aure

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 62. Uwargidana ta rasu shekara biyu ke nan. Lafiyata ƙalau, ina hawa benen shago ba na haki, amma tun da gemuna ya yi fari, duk inda na shiga sai "Baba". Ran nan wani ɗan adaidaita sahu ya ce mini "tsoho, a matsa ciki", wallahi har na kwanta abin yana cina. Shi ya sa na fara rina gemun da baƙi, wanda ya leƙo kuma in tsige shi. Yanzu ina neman wata bazawara, kuma da yayanta ya tambayi shekaruna na ce ban daɗe da cika hamsin ba. Wani abokina mai ɗan karatu ya ce ba komai, akwai hadisin da ya ce baƙi ya fi jan hankalin mata, kuma sahabbai sun yi. Mene ne hukuncin rinin? Sannan mai ce mini tsoho bai faɗa cikin jifa da mugun laƙabi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam warahmatullah. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Alhaji, da tambayarka ta tsaya a kan rini kaɗai, da layi uku sun isa. Rina furfura da lalle halas ne, ba a ja a kai. Tsige ta makaruhi ne, ka daina. Baƙi wuluk kuwa, abin da muka karanta a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, tun muna zaure shi ne makaruhi ne ba tare da haramci ba, duk da cewa su Imamu Nawawi sun haramta shi saboda hadisin Abu Ƙuhafa da ke Muslim, inda Annabi ya ce a canza launin furfurarsa amma a nisanci baƙi. Amma akwai wata 'yar jumla da ka saka a tsakiya kamar ba ka so in gan ta: "na ce ban daɗe da cika hamsin ba." A nan hukuncin ya juya. Rinin da kake yi yanzu shaida ne kake kafa wa wannan maganar, don idon yayanta ya gaskata abin da kunnensa ya ji. Wannan algus ne, kuma haramun ne ko a wajen malaman da suka fi kowa sassauci kan baƙi. Shehu Nafrawi, a sharhinsa na Risala, ya faɗi ƙarara cewa idan an rina ne don a ruɗi matar da ake son aura, babu shakka a haramcinsa. Kai ɗan Kwari ne. Ka san sunan wanda ya ɗauko tsohuwar shadda ya kai ta bugu ya naɗe ya sayar a matsayin sabuwa.

Maganar abokinka ce nake so mu tsaya a kanta, domin ba kai ne na farko da ya kawo mini ita ba.

Hadisin da yake nufi yana cikin Ibnu Majah, daga Suhaibu, cewa baƙi ya fi sa matanku sha'awarku, ya fi sa maƙiyanku jin kwarjininku. Masana hadisi sun raunana shi, ba a gina hukunci a kansa. To, mu ƙaddara ma ya inganta. Lafazin cewa ya yi "matanku", wato wadda ke ɗakinka, wadda ta san shekarunka, ta ga gemun tun yana baƙi har ya fara toka. Ita idan ka rina mata, ado ka yi mata. Haka ma abin da ake ruwaitowa daga Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, cewa yadda yake son matarsa ta yi masa kwalliya haka ita ma take son ya yi mata, magana ce a kan matar aure. Wannan baiwar Allah da kake zuwa wajenta zance ba ta zama matarka ba tukuna, tana kan aunawa ne, kuma shekarunka na cikin abin da take aunawa. Mace ce da ta ɗanɗana zawarci sau ɗaya, tana da haƙƙin ta san wanda za ta jingina da shi.

Batun sahabbai kuma gaskiya ne, an ruwaito rini da baƙi daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Uƙbatu bin Amir da Hasan da Husaini, Allah ya ƙara musu yarda. A Bukhari ma ya zo cewa gashin Sayyidina Husaini a rine yake da wasma, ganyen da wasu masana lugga suka ce shi ne baba, wanda marinan Ƙofar Mata ke yin shuni da shi (ka ga, Baban da kake gudu har cikin rinin ya biyo ka). Sai dai ka tambayi abokin naka: wane ne a cikinsu ya rage shekara goma sha biyu a gaban waliyyin mace? Mutane ne da kowa ya san shekarar haihuwarsu da yaƙoƙin da suka halarta, rininsu bai ɓoye wa kowa komai ba. Kuma Ibnu Hajar ya kawo daga Imamu Zuhri cewa shi da mutanen zamaninsa sun kasance suna rinawa da baƙi lokacin da fuska ke sabuwa, da fuska da haƙora suka fara saki sai suka bari. Ka ga su kansu masu yin sun san inda ake tsayawa. Imamu Gazali ma ya kawo labarin wani da ya yi aure a zamanin Sayyidina Umar da rinannen gashi, rini ya koɗe, dangin matar suka kai ƙara, Umar ya raba auren ya kuma hukunta shi. Ba na kafa hujja da labarin saboda bai zo da isnadi a can ba, amma ya nuna yadda magabata ke kallon abin.

Idan har an ɗaura a haka, auren ya ɗauru, domin shekaru ba sa cikin aibobin da ake mayar da aure saboda su, sai fa idan an shardanta. Zunubin ƙaryar dai yana wuyanka. Kuma a Kano kake. Wanda ya ga rikicin Maitatsine na 1980 yana saurayi ba zai yi hamsin yau ba, kuma ranar ɗaurin aure abokan tasowarka ne za su cika ƙofar gidan da sandunansu.

Ɗan adaidaita sahu kuwa, in ba da wulaƙanci ya faɗa ba, bai yi laifi ba. Abin da Suratul Hujurat ta hana shi ne laƙabin da ake nufin tozarci da shi. 'Ya'yan dattijon Madyana sun ce wa Annabi Musa "babanmu tsoho ne mai yawan shekaru", matar Annabi Ibrahim ta kira kanta tsohuwa ta kira mijinta tsoho, duk a Alƙur'ani. Mu ma a nan in yaro ya ce "tsohona" ai mahaifinsa yake nufi. Wanda ya ga kalmar tana ɓata wa mutum rai, ladabi shi ne ya ce Alhaji ko dattijo, wannan nasiha ce ga matasa. Na san zafin abin. Ranar da wata yarinya mai tallar gyaɗa ta fara ce mini "Baba Malam", sai da na waiga in ga da wa take.

Amma ka duba wani lissafi da ba ka yi ba. Shekara 62 a kalandar Bature sun kusa 64 a lissafin wata, ka riga ka wuce shekarun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya yi wafati yana da 63. Kuma a Bukhari ya zo cewa Allah ya yanke uzurin wanda ya jinkirta masa har ya kai sittin. Ina jin abin da ya sosa maka rai ya wuce kalmar yaron nan. Shekara biyu ke nan kana komawa gidan da babu wadda ta san ka kana saurayi. Neman auren da kake yi daidai ne, ina ma ƙarfafa ka a kai.

Abin da nake ba ka shawara: kafin a kai sadaki, ka samu yayan nan ku biyu, ka ce masa ka yi kuskure a lissafi ranar nan, shekarunka 62. Ita ma ka gaya mata da bakinka, har da duk wani magani da kake sha kullum, in akwai. Ka bar baƙin ya koɗe, in farin ne ba ka so ka sa lalle. Ka kuma lura da man rinin kanti, wanda ke yin ɓawo a kan gashi yana hana ruwan alwala da na wanka isa, wanda launi kawai yake bari ba ya hanawa. Sannan ka zaunar da manyan 'ya'yanka su ji daga gare ka kafin su ji a gari, ka rubuta bashin da kake bi da wanda ake bin ka, ka fayyace abin da ke naka a shagon da abin da ke na yaranka, tun da akwai yiwuwar ƙananan magada su zo. Idan ta ji 62 ta ce ta fasa, kada ka tura mata manya su lallashe ta.

Wallahu a'alam.