Tambaya da Amsa: Yadda Tasha Ɗaya Take Ba Birnin Kiel Wuta da Ɗumi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a birnin Kiel na ƙasar Jamus, kuma ya gaya mini cewa ɗumin da yake samu a ɗakinsa lokacin hunturu daga tashar lantarkin garin yake zuwa ta cikin bututu, ita kuma tashar da iskar gas take aiki. Abin ya ɗaure mini kai, domin a sanina aikin tashar lantarki ba da wuta ne kawai. Ina roƙon ƙarin haske. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Abin da ƙanen naka ya faɗa gaskiya ne, kuma mabuɗin fahimtarsa yana cikin abin da ka riga ka sani. Idan janareta ya daɗe yana aiki ka kai hannu kusa da salansarsa, za ka ji zafin da ba ya taɓuwa. Wannan zafi mai ne da aka saya da kuɗi, aka ƙone, ya tafi a iska ba tare da ya kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Haka lamarin yake a manyan tashoshi: tsohuwar tasha mai ƙona kwal takan mayar da kusan kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin makamashinta ya zama lantarki, sauran kuwa yana fita a matsayin zafi, a zuba shi cikin kogi ko teku ko sararin sama. Dabarar da ake magana a kanta ita ce a tare wannan zafi kafin ya salwanta, a dafa ruwa da shi, a tura ruwan zuwa gidajen mutanen da suke bukatarsa.

Kiel shi ne babban birnin jihar Schleswig-Holstein, can ƙuryar arewacin Jamus a bakin tekun Baltik, kuma mazaunansa sun kai kimanin dubu 250. Hunturunsa dogo ne mai danshi da iska, saboda haka dumama gida a can larura ce ta watanni da yawa. Tun daga 1970 wata babbar tasha mai ƙona kwal ce take ba birnin wuta, aka kuma riƙa ɗibar ɗumi daga gare ta, har aka rufe ta a 2019. A ƙarshen shekarar 2019 ɗin ne sabuwar tashar da ake kira Küstenkraftwerk ta fara aiki a gaɓar gabas ta mashigin ruwan da ya ratsa garin, ƙarƙashin kamfanin Stadtwerke Kiel, bayan an kashe mata kuɗin da ya kai kusan yuro miliyan 290.

A cikinta akwai injuna 20 ƙirar Jenbacher ta ƙasar Ostiriya, an jera su rukuni huɗu, biyar-biyar. Kowannensu injin fistin ne mai ƙona gas yana juya janareta, kuma idan suka tashi gaba ɗaya suna ba da kimanin megawat 190 na lantarki. Zafin ana kama shi ne ta wurare biyu. Na farko shi ne ruwan da yake zagaya jikin injin domin sanyaya shi, wanda a mota lagireto ne yake zubar da zafinsa. Na biyu shi ne hayaƙin da yake fitowa da matsanancin zafi, wanda ake bi da shi ta jikin wasu bututai masu ɗauke da ruwa kafin a sake shi ya fita. Idan aka haɗa biyun, ana samun ɗumin da ya kai yawan lantarkin, wato kimanin megawat 190 shi ma. Ta haka ake cin moriyar fiye da kashi 90 cikin ɗari na gas ɗin da aka ƙona, rabi wuta rabi ɗumi.

Daga tashar, ruwan zafin yana bin bututan ƙarfe da aka naɗe da abin riƙe zafi aka binne a ƙarƙashin tituna, har da wani rami da aka haƙa ƙarƙashin mashigin ruwan domin kai shi ɗaya gaɓar. A kowane gini akwai wata na'ura a ɗakin ƙasa inda ruwan tashar yake miƙa zafinsa ga ruwan gidan ba tare da sun gauraya ba, sannan ya koma ta wani bututun a sake dafa shi. Ruwan da yake dumama ɗakin ƙanenka na gidansu ne, zafin da ke cikinsa ne ya taho daga tashar. Gidaje da wuraren aiki fiye da dubu 70 ne suke kan wannan layi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne wani ƙaton tanki mai tsayin mita 60 da yake tsaye a gefen tashar, yana ajiye ruwan zafi kimanin lita miliyan 30. Dalilin gina shi shi ne bukatar wuta da bukatar ɗumi ba sa zuwa lokaci ɗaya. Arewacin Jamus ƙasar iska ce, kuma farfelolin samar da lantarki sun cika filayenta da bakin tekunta. Ranar da iska take kaɗawa sosai wuta takan yi arha, har ya zama kunna injin gas asara ce, alhali gidaje suna nan cikin sanyi. A irin wannan rana sai a kashe injunan a ciyar da gari daga tankin, wanda yake iya ɗaukar nauyin masu amfani da ɗumin na kusan awa takwas. Idan wutar iskar ta yi rara, akwai wata tukunyar lantarki mai ƙarfin megawat 35 da take dafa ruwa da rarar. Da iska ta kwanta kuwa, injunan suna iya kaiwa ga cikakken ƙarfinsu cikin minti biyar, su sayar da wuta da tsada, ɗumin da ya wuce bukata kuma a adana shi. A cikin tankin ruwan zafi yana tsayawa a sama saboda ya fi sauƙin nauyi, mai sanyi yana kwance a ƙasa, kuma ana shigar da ruwa a hankali don kada a dama su.

Sai dai gas ma makamashi ne da ake tonowa daga ƙasa. Tashar ta rage hayaƙin kabon da kusan kashi 70 cikin ɗari idan aka kwatanta da tsohuwar, amma ba ta kawar da shi ba. Shekarar 2022 kuma ta nuna wani raunin: kafin yaƙin Yukren fiye da rabin gas ɗin da Jamus take shigowa da shi daga Rasha yake, kuma da bututun Nord Stream mai ɗauko gas daga can ya daina kawowa a ƙarshen watan Agusta, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har ƙasar ta hanzarta buɗe tashoshin sauke gas na jiragen ruwa a Wilhelmshaven da Brunsbüttel. Yanzu kamfanin yana da burin sauya injunan su koma ƙona iskar haidurojin, wadda ƙona ta ba ya fitar da hayaƙin kabon, nan da 2035, abin da ya dogara ga samun haidurojin ɗin da yawa kuma da araha.

TAMBAYA: Malam, tunda ana shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, shin irin wannan tasha mai ba da wuta da zafi za ta yi amfani a garuruwanmu? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Malama, a ganina za ta yi, amma ba ta fuskar dumama gidaje ba. Bututun da kika ambata, mai tsawon kilomita 614 wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, gas zai kawo, kuma ƙona shi a inji zai haifar da zafi kamar yadda yake haifarwa a Kiel. Sanyin hunturunmu na 'yan makonni bai isa a binne bututan dumama gidaje dominsa ba, kuma tashar da ba ta da mai sayen zafinta ta koma tashar lantarki kamar kowace, rabin makamashinta yana tafiya a iska. Masu sayen zafi a wurinmu masana'antu ne: masaƙu da masu rini, masu jima, masu turara shinkafa, masu tatsar man gyaɗa da na waken soya, waɗanda da yawansu suke ƙona mai ko itace ko ƙaiƙayi daban domin samun tururi. Akwai kuma na'urorin sanyi da zafi ne yake tafiyar da su, waɗanda za su dace da asibitoci da ɗakunan adana tumatir da nama. Tunda tururi ba ya jure doguwar tafiya, wurin da ya dace a kafa injunan shi ne cikin unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa, kuma kafin a sayi injin farko ya kamata a ƙidaya masana'antun da za su ɗauki tururin, da yawan da kowace take bukata, da awannin da take aiki a rana.