Dausayi, Fako da Kirarin Balbela: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta rubuto cewa ɗalibanta suna ɗaukar fadama da dausayi abu guda, tana kuma son a fayyace mata matsayin fako a tsakaninsu. Malama, ma'anar waɗannan sunaye ba ta fitowa sosai sai an dubi abin da kowace ƙasa take ciyarwa. Fadama ƙasa ce mai kwari wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ta riƙe danshi bayan ya janye. Dausayi kuwa wuri ne mai ruwa da ɗanyar ciyawa, inda dabba take samun kiwo sa'ad da sauran daji ya bushe, shi ya sa fadamar da aka shinge aka shuka albasa tana nan fadama, amma makiyayi ba zai ƙara kiranta dausayi ba. Fako shi ne ƙasa mai tauri wadda ruwa ke bi ta kanta ya wuce, ciyawa ba ta kama ta.

Ina roƙon ki kada ki koya wa yara cewa fako ƙasar banza ce, domin a ƙasarku akwai shaidar da ta ƙaryata haka. A tudun Kure, gabas da Yamai, daji yana tsirowa ne layi-layi, fako a tsakani, kuma ruwan da fakon ya ƙi sha shi ne yake gangarawa ya shayar da layin geza da sabara da ke ƙasa da shi. A wannan tudu raƙuman dawa suke kiwo da damina. Idan rani ya shigo ganye ya kaɗe, sai su sauka kwarin Dallol Boso, inda gawo yake, itacen da ke zubar da ganye da damina ya fitar da sabo lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara. Wajen shekarar 1996 raƙuman dawan nan ba su wuce hamsin ba, daga baya da aka kare su suka haura ɗari shida, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji a jiharku ta Maraɗi. Da tudun da kwarin duka suke buƙata, kuma duk wanda ya sare gawo a kwari ya yanke musu abincin rani.

Misalin dausayi da kowa ya sani shi ne na Haɗeja da Nguru, wanda ambaliyarsa ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, kiwo da kamun kifi suka ja baya.

Tambaya ta biyu daga wani ɗan'uwa ce a Gashuwa, wanda aka ce masa "balbela, ci da motsin wani", yana son ya san ko zagi ne. Ɗan'uwa, akan faɗi wannan ga mutumin da ke samun rabonsa daga wahalar wani, kuma sau da yawa da habaici ake faɗarsa. Sai dai wanda ya fara yi wa tsuntsuwar wannan kirari ya lura da ita da kyau. Ka tsaya bakin fadama da hantsi ka dubi garke: balbela tana tafiya dab da kofaton saniya, wuyanta a miƙe, da zarar fara ko babe ya tashi daga ciyawar da aka taka sai ta cafke, ta yi ɗan gudu ta koma gefen wata saniyar. Haka take bin garma idan ana huɗa, haka take taruwa a gefen wutar daji. Wannan dabara ba ta aiki sai a fili mai gajeriyar ciyawa, inda za ta hango ƙwaron da ya tashi, shi ya sa ake ganin balbela da yawa a fadama da makiyaya, ba a ganinta a cikin kurmi mai duhu.

A ganina masu habaicin suna yi mata rashin adalci, domin ba ta rage wa saniya ko tsinken ciyawa ɗaya. Idan ana neman tsuntsun da ke ci daga jikin wani, carki ne, wanda ke hawa gadon bayan saniya yana cire kaska, idan kuma ya sami miki ya yi ta saransa yana hana shi warkewa. Saboda haka, ɗan'uwa, ka dubi wanda ya faɗa maka da kuma dalilin faɗar: idan ribarka ta fito daga kasuwar da wani ya buɗe ba tare da ka tauye masa komai ba, kirarin bai ci mutuncinka ba, amma idan nufinsa shi ne kana zaune wasu na yi maka aiki, to, habaici ya yi maka.