Ga 'yar'uwar da ke neman kabarin kakan mijinta a garin Merthyr da ke Wales

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don abin da kika ce, kin sayi satifiket na mutuwar kakan maigidanki amma babu inda aka rubuta wurin da aka binne shi, haka ya faru da ni sak. Ki daina wahalar da kanki a kan takardar nan, a Ingila da Wales ba a rubuta maƙabarta a cikinta, inda ya mutu za ki gani da ranar da ciwon da ya kashe shi da wanda ya kai rahoto.

Ni saboda surukata na shiga neman, tsohuwa ce, burinta ta ga inda kakanta yake, ma'aikacin ƙarfe ne a Dowlais, wata unguwa a Merthyr. Muka samu wani mutum a intanet wai shi gwani ne, muka biya shi kuɗi masu kauri, bayan sati biyu ya turo lambar kabari a maƙabartar Pant har da hoto. Muka ɗauki tsohuwar nan da sandarta, ga ruwa ga iskar tudun nan mai shiga ƙashi, ta durƙusa tana goge dutsen da hankici tana kuka tana magana da Welshanci, yarana na tsaye suna kallo. Sai da muka dawo gida na zauna da hoton na lissafa shekaru, ashe wannan ya girmi namu da shekara goma sha ɗaya, sunan matar da ke kan dutsen ma ba na matar namu ba ne! Suna ne kawai ya zo ɗaya, a garin da kowa Jones ne ko Davies ko Evans. Na kira gwanin nan ya fi sau goma bai ɗauka ba, daga baya ya toshe ni. Kuɗin ba su dame ni ba, faɗa wa tsohuwar ne, kwana uku na kasa buɗe baki, har yau in na tuna yadda ta yi shiru ta ninke hankicin nan sai raina ya ɓaci. Allah ya isa.

To ki fara da ofishin maƙabartu na kansil ɗin Merthyr, su ke riƙe da rajistar maƙabartun Pant da Cefn Coed, ki ba su ranar mutuwa da shekarunsa da unguwarsu, kar ki yarda da suna kaɗai don Allah. Kuma Cefn Coed a da ƙarƙashin gundumar Breconshire take har 1974, in kina duba takardun gundumar Glamorgan ta Merthyr kaɗai za ki iya tsallake shi. Ki tambayi dangi ma wace majami'a suke zuwa, don yawancin ma'aikatan nan 'yan capel ne, wato majami'u masu zaman kansu, ba cocin gwamnati ba, kuma capel da yawa an rufe su takardunsu sun watse, wanda ya tsira ki neme shi a ma'ajiyar tsofaffin takardu ta Glamorgan Archives a Cardiff ko babban laburaren ƙasa na Aberystwyth. Laburaren nan ya sa tsofaffin jaridu a intanet kyauta har zuwa 1919, a can na ga labarin jana'izar namu.

In naku lokacin kwalarar 1849 ne, wadda ta kashe sama da mutum dubu a garin, ki shirya zuciyarki. Ko namu da ba na lokacin ba, da muka same shi babu dutse, ciyawa ce kawai, kabarin haɗaka ne da baƙi. Mai aikin wurin ne ya ƙirga mana daga kabarin gefe ya nuna da ƙafa. Surukata ba ta iya hawa tudun a karo na biyu ba, hoto na kai mata.

Wace shekara naku ya rasu? Faɗa min in duba miki jaridun yau da dare in yara sun yi barci.