Sarin isabgul: inda riba take da inda jari ke zubewa

Tambaya: Ina sayar da magungunan gargajiya, kuma masu saye sun fara tambayar isabgul. Ina so in saro buhu in riƙa ƙullawa a ƙananan ledoji. Yaya zan gane mai kyau? Kuma zan iya rubuta a jiki cewa yana maganin ciwon suga?

Amsa: Malam, fara da sanin asalin hajar. Isabgul ɓawon ƙwayar wani tsiro ne mai suna Plantago ovata, kuma mafi yawan wanda ke kasuwannin duniya daga Indiya yake fitowa, musamman jihohin Gujarat da Rajasthan. Babbar kasuwarsa tana garin Unjha da ke Gujarat. Ana girbe shi wajen Maris da Afrilu, kuma in ruwa ya sauka a kan gona lokacin girbi ƙwayar zubewa take yi, farashi ya hau. Saboda haka kafin ka zuba kuɗi mai kauri, tambayi dilanka yadda girbin shekarar ya kasance.

Ana sayar da shi daraja-daraja gwargwadon tsabtarsa: kashi 85, 95, 98 da 99 cikin ɗari. Na 85 araharsa na jan hankali, amma ya fi duhu da tsakuwa, ba na ƙulli ba ne. Kada ka sauka ƙasa da 95. Nemi takardar gwajin kayan, wadda ta nuna danshi da dalma, sannan ka gwada da hannunka: zuba ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwa, ka juya. Mai kyau cikin 'yan mintoci zai kumbura ya yi yauƙi, cokali na ɗaukarsa yana zarya. Wanda ya kwanta a gindin kofi kamar yashi, ko yake warin ruma, a bar wa mai shi. Ma'aunin masu haɗa magunguna shi ne giram ɗaya ya kumbura ya kai mililita 40 aƙalla.

Wannan shan ruwan da ake sayensa dominsa, shi ne kuma ke karya 'yan kasuwa. Buhun da aka buɗe aka bari a ƙasa zai zuƙi danshin iska ya dunƙule, ya yi fumfuna. Ɗora shi a kan katako, nesa da bango, ka ƙulle wanda ka buɗe a ranar, ka manne bakin leda da injin zafi. Mai awo ya sa takunkumi, don ƙurarsa na tayar wa wasu da asma.

A lissafi, buhu mai kilo 25 ƙulli 250 ne na giram 100. A zahiri ba zai kai ba, awo da zubewa za su ci nasu. Haɗa kuɗin leda, takarda, dako da rajistar hukumar abinci da magunguna kafin ka yanka farashi. Buhu ɗaya ya isa gwaji.

Batun ciwon suga kuwa, a'a, kada ka rubuta. Abin da ya tabbata shi ne yana laushin bayan gida, kuma likitancin gargajiya na Indiya ya daɗe yana ba da shi ga mai taurin ciki da mai gudawa. A 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a ce giram 7 na zarensa mai narkewa (sinadarin da ke yin yauƙi a ruwa) a rana, wato kimanin giram 10 na ɓawon, tare da rage kitse a abinci, na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Yana kuma rage saurin shigar suga cikin jini bayan cin abinci, amma ba ya warkarwa. In wani ya ajiye maganin asibiti saboda rubutunka, kai za a nema.

Abin da ya wajaba ya fito a takardar: ƙaramin cokali ɗaya a ruwa mililita 240 aƙalla, a sha nan take kafin ya daskare, kada a afa shi gaya don yana iya toshe maƙogwaro. Mai wahalar haɗiya kada ya sha. A bar tazarar awa biyu tsakaninsa da kowane magani, a kuma fara da sau ɗaya a rana saboda kumburin ciki. Sa ranar ƙulli da lambar buhun da aka ɗebo, don in ƙorafi ya zo ka san wanne za ka janye.